Wankan Jego a Bayan Ramin Dutse

Shekarar da na je Landan, kuɗin mai sun shigo ƙasarmu, an daina lissafi da fam da sule an koma naira. Duk wanda ka tambaya ɗansa yana Ingila, ko karatu, ko kwas, ko sayayya. Nawa ɗan, kwas gwamnati ta tura shi. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Ya tafi da matarsa tana da ƙaramin ciki. Da watan haihuwa ya kama, ya aiko a sako ni a jirgin sama in je in yi mata wankan jego. Na ɗaure busasshen ganyen darbejiya da na runhu, na ɗaure kanwa, garin gero, yaji, daddawa da kuka. Na tafi.

A Peckham suke zaune, a saman wani tsohon gida. Na ga abubuwa a garin nan na haƙura da su. Na haƙura da sanyi, na haƙura da ranar da take fitowa kamar an yi mata dole. Abu guda na ƙi, jirgin nan nasu na ƙarƙashin ƙasa da suke kira tiyub. Ran da yaron nan ya kai ni cikin gari ya tsayar da ni a bakin ramin, na ga matakala tana tafiya da kanta tana haɗiye mutane, maza da mata da jakunkunansu. Sai na ja na tsaya.

Ya ce, "Inna, yanzu-yanzu za mu fito fa."

Na ce, "Ni ranar da zan shiga ƙasa a kafaɗar mutane za a kai ni, da likkafanina. Ba zan kai kaina da ƙafata ba."

Tun daga ranar bas muke hawa.

To, a ɗakin ƙasa na gidan akwai wani tsoho. Kafin in ga fuskarsa tarinsa na sani, tari mai zurfi kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya. Wata rana na kaɗa miyar kuka, sai na ji ana hawo matakala a hankali, a hau a huta, a hau a huta. Aka yi sallama. Sallama irin ta mutanen da, wadda rabona da jin ta tun mahaifina yana da rai. Na buɗe, na ga dogon mutum baƙi cikin kwat ɗin Turawa, da hular ulu.

Ya ce, "Gafara dai, masu gida. Daddawar nan ta ina ce?"

Na ce, "Ta Kano."

Ya ce, "Haba, shi ya sa na ji ta yi ƙaranci a miyar. Bakano ko a tukunya sai ya ci riba."

Na ce, "A'a! Ashe Bazazzagi ne. Bawa ya ji ƙanshin gidan iyayen gijinsa. Zauna a nan bakin ƙofa a zubo maka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga ranar ni Bakanuwa ce a bakinsa, shi Bazazzagi ne a nawa, ba mu nemi wani suna ba.

Labarinsa a hankali ya fito, kwano bayan kwano. Leburan reluwe ne a Zariya tun yana saurayi. Bayan babban yaƙin Turawa ya gangara Ikko, ya ɓuya a jirgin ruwan da ya ɗauko gyaɗa, ya sauka a Ingila. Da yake aikin dogo ya iya, aikin dogo ya samu. Sai dai inda 'yan ƙasa ba sa so suka tura shi, can arewa, cikin ramin dutse.

Ya ce wasu duwatsu ne suka raba ƙasar gida biyu, gabas da yamma. Kakannin Turawan nan suka ce ba za su kewaye ba, suka huda dutsen daga wannan ɓari zuwa wancan, suka shimfiɗa dogo a ciki. Aikinsa shi ne ya bi ramin a ƙafa, da fitila da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana sauraro, inda ya saki ya ɗaure. In sanyi ya tsananta, ruwan da ke ɗiga daga rufi ya daskare ya sauko kamar tsinin mashi, sai su kakkarye shi da gora kafin jirgi ya zo. An fafe 'yan lunguna a bango daidai tsayin mutum. Da ka ji iska ta turo ka, jirgi ne, sai ka faɗa lungu ka juya fuska ga bango har ya wuce. A zamanin jirgin kwal ne. Hayaƙi ya cika ramin, ba ka ganin fitilar da ke hannunka. Hayaƙin nan ne ya zauna masa a ƙirji.

Ana nan, surukata ta sauka lafiya, namiji. Na kama aikina. Safe da yamma in ɗora manyan tukwane a kan gas, in tsoma ganye a tafasasshen ruwa in fyaɗa mata, tana kuka tana "Inna ki yi mini rai," ina cewa rai nake yi miki. In dama kunun kanwa, in sa ta shanye. Kullum nakan aika wa Bazazzagi kofi guda.

Ana gab da ta yi arba'in, ya hawo da kofin da kansa. Bai ce Bakanuwa ba. Ya ce, "'Yar'uwa, magana gare ni."

Na ce, "Ina ji, Malam."

Ashe yana da 'ya. A garin da ke bayan dutsen ya auri wata Baturiya mai aiki a masaƙa, suka haifi mace. Yarinyar ba ta yi wayo sosai ba uwar ta rasu. Kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta, ta ce baƙin mutum mai kwana a rami ba zai iya riƙon 'ya ba. A daidai lokacin aka rage ma'aikatan ramin, ya gangaro Landan neman abin yi, ya samu shara a tasha. Ya ce zai koma in ya tara abin kirki. Abin kirki bai taru ba. Da ya koma, yarinyar ta zama budurwa. Ita ta buɗe masa ƙofa, ta dube shi, ta mayar ta rufe. Bai sake zuwa ba.

Ya ce, "Yanzu wani tsohon abokin aikina ya zo garin nan, ya ce mini ta yi aure, ta haihu cikin makon nan. Kakar ta mutu. Ba uwa, ba gwaggo, ba inna. Wa zai dafa mata ruwa?"

Na karɓi kofin na ajiye.

Ya ce, "Yaran nan na gida da suke zuwa yanzu, na gan su, akwati-akwati suke saye. Ni ba ni da abin da zan kai mata. Kuma namiji ba ya faɗa wa mai jego shi kaɗai. Amma in na je da gwaggonta, da kanwa da ganye, na je yadda uba yake zuwa. Ko za ta bar ni in tsallaka dokin ƙofa in ga yaron. Likita ya ce ƙirjin nan ba zai ga wani hunturun ba."

Na ce, "Hanyar garin, ta ina ake bi?"

Ya san maganata da tiyub, don ya sha yi mini tsiya a kai. Da ya so da ya rufe ni, sai mun shiga in gani. Bai rufe ni ba. Ya ce akwai hanyar mota ta kan dutsen, amma dusar ƙanƙara ta toshe ta a irin wannan lokaci, kuma ko a buɗe take ƙirjinsa ba zai ɗauki jijjigar ba. Sai ramin.

Na ce ya ba ni lokaci.

Yaron nan da ya ji, tsalle ya yi. "Inna, Baturiya ce fa! A nan aka haife ta, ko 'zo' ba ta ji. Ki fyaɗa mata tafasasshen ruwa, wallahi 'yan sanda za ta kira miki."

Surukata tana ba jariri nono, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni ma da na san lambarsu da na kira."

Muka yi dariya. Sannan ta ce, "Inna, ki je. Ran da na dawo daga asibiti, da ba kya nan, ban san yadda zan yi ba. Ita ba ta da kowa."

Maganar nan ita ta tsaya mini. Na yi sallolina, na roƙi zaɓin Allah. Na ga dai ƙasa ta Allah ce, samanta da cikinta. Ranar da surukata ta gama wanka na ce wa yaron nan ya sayo tikiti. Ya tafi yana ƙunƙuni, ya dawo ya ce, "Na yi booking, amma ba da yawuna ba."

Muka kama hanya da sassafe, ni da ƙunshina a ka, Bazazzagi da kwat ɗinsa da ya goge har yana ƙyalli. Ya sayi 'yar hular jarirai fara, ya sa a aljihun ƙirji. Jirgi ya fita daga Landan, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara, kore shar cikin sanyin nan, da tumaki masu kauri kamar an naɗe su da bargo. A wani gari muka sauka muka canza jirgi, ƙarami. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Itatuwa suka ragu. Duwatsu suka matso, baƙaƙe daga ƙasa, farare fat daga sama.

Bazazzagi ya manne da taga. Ya nuna mini wasu gine-gine can a ƙoƙuwar dutsen, kamar rumbunan da aka cire wa jinka, a jere, ba gida ba mutum kusa da su. Ya ce bakunan rijiyoyi ne. Daga nan sama masu haƙa suka fara, aka zura su da igiya cikin guga har tsakiyar dutsen, suka yi ta ci gabas da yamma da diga da albarushi, da kyandir a goshin hula. Daga baya aka bar rijiyoyin don hayaƙi ya riƙa fita.

Ya ce, "Ba 'yan garin ba ne. Talakawa ne daga nesa, yunwa ta koro su. A bukkoki suka zauna nan kan dutse da matansu da 'ya'yansu. Wani dutse ya faɗo masa, wani igiya ta tsinke da shi, wasu amai da gudawa ya kwashe. Kin ga gangaren can mai katangar duwatsu? Nan aka zuba su. Ko alama ba a sa wa yawancinsu ba."

Na tuna mazan ƙauyenmu da aka ɗiba ina yarinya, aka ce gwamna yana son hannu a aikin dogo da haƙar kuza. Wasu sun dawo, wasu sai rigunansu. Na ɗaga hannu na yi wa mutanen gangaren sallama irin wadda ake yi wa na makabarta. Ban san addininsu ba. Na bar wa Mai su.

Sai jirgi ya yi kuka. Na ga bakin ramin yana tahowa, an gina shi da manyan duwatsu, hayaƙin shekaru ya mayar da shi baƙi ƙirin. Na kama kalmar shahada. Rana ta ɗauke kamar an hure fitila.

'Yan ƙwayayen wutar tarago suka rage, ja-ja. Ƙara ta cika mini kai, kunnuwana suka toshe. A taga ba na ganin komai sai fuskata. Wani wari ya shigo, na jiƙaƙƙen toka. Na ji nauyin dutsen nan duka a kan wuyana. Na runtse ido. Turawan da ke kusa da mu ko jaridarsu ba su sauke ba.

Sai na ji muryarsa kusa da kunnena, a natse, ba tari.

"Bakanuwa, buɗe kunnenki. Kin ji muna hawa? Jirgi yana nishi. Bari ki ji, yanzu ruwa zai bugi rufi."

Ruwa ya bugi rufi, ratatata, ya wuce.

"Rijiya ta farko ke nan. Nan wani Bature abokin aikina yake ajiye shayinsa, ɓeraye suna shanye masa. Yanzu ƙarar za ta canza, an yi wa bangon bulo a nan saboda dutsen ruɓaɓɓe ne."

Ƙarar ta canza.

"Nan gaba kaɗan, hannun dama, lunguna ne. Nawa. A ciki nake salla. Shekarun da na yi a ƙasar nan, babu inda na tabbatar da gabas kamar cikin ramin nan, don bakinsa ɗaya gabas yake kallo. In hayaƙi ya lafa sai ki hango shi can nesa kamar ƙwayar gero. Ga shi nan, mun wuce."

Ban ga komai ba. Amma na buɗe ido.

Haka ya yi ta yi. Nan dogo yakan saki, nan ƙanƙara ta taɓa fasa masa kafaɗa, nan tudu ya ƙare za mu fara gangara. Duk abin da ya ce za a ji, sai a ji. Mutumin da a Landan yake bin bango kamar mai neman gafara, ga shi a cikin duhu yana nuna mini wuri kamar mai gida yana zagaya da baƙo. Ban san lokacin da numfashina ya daidaita ba. Bango ya fara yin toka-toka, sai ga haske ya watso, da farin dutse, da wani rafi yana gudu.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ashe Zagezagi ma suna da amfani."

Tun da muka fito ya koma tsohon da na sani. Hannunsa yana kan aljihun ƙirji.

Garin na masaƙu ne, dogayen bututun hayaƙi, gidaje manne da juna a jere kamar haƙora, duk iri ɗaya. Ya tambayi hanya sau biyu. Muka tsaya a wata koriyar ƙofa. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ƙwanƙwasa.

Ta buɗe da jariri a kafaɗa. Ba sai an gaya mini ba. Doguwa ce, goshinsa, hancinsa, sai dai fatar ta fi tasa haske. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, hannun rigarta a naɗe, hannuwan sun yi ja da ruwan sanyi. Ta dube shi. Ya yi magana da Turanci, guntuwa. Ta amsa, ta fi tasa gajarta. Ni ba na jin Turanci, amma na san ƙofar da ake shirin rufewa.

To, ni abin da na sani, mace ba ta neman izini a gidan haihuwa. Sallama take yi ta shiga. Kuma idona yana kan hannuwan nan. Mai jego ɗanya shakaf, da hannu a ruwan sanyi! Na ce, "Salamu alaikum, barka da arziki," na raɓa ta gefenta na shige. Na ajiye ƙunshina, na miƙa hannu na karɓi yaron. Ta sakar mini shi, ina jin don mamaki ne. Namiji ne, jawur, da gashi kwance luf. Na yi masa addu'a, na juya shi a bayana, na ɗaure da mayafina. Na bi wani siririn lungu har na sami kicin a can baya.

Abin da na tarar ya sa ni salati. Baho cike da tsummokin jariri cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara. Murhu a mace. A kan tebur guntun burodi da shayin da ya huce. Daga baya na ji mijin yana masaƙa, tun duhu yake fita sai duhu. Na zaro tukunya mafi girma, na cika, na kunna wuta, na ɗora. Na kwance ganye.

Ta biyo ni tana magana da ƙarfi, tana nuna ni, tana nuna yaron, tana nuna ganyen. Na ce, "'Yar nan, zauna. Zauna, jikinki ɗanye ne." Ba ta ji ba. Na faɗa da ƙarfi, ba ta ji ba. Ta juya da sauri ta koma bakin ƙofa, inda tsohon yake tsaye a waje da hula a hannu. Duk faɗin garin nan shi kaɗai ne yake da bakina da nata.

Ya ɗago murya daga waje. "Bakanuwa! Ta ce wace ce ke, kuma me za ki dafa?"

Na ce, "Ka ce gwaggonta ce. Ka ce ruwan wanka ne."

Ya faɗa. Ta amsa.

"Ta ce ba ta da wata gwaggo. Ta ce ki kwance mata ɗanta daga baya kada ya faɗo."

"Ka ce na goya tara, ba wanda ya faɗo. Ka ce ta duba, ya yi barci."

Ta dawo ta leƙa bayana. Yaron da muka tarar yana tsala ihu ya yi luf, bakinsa a buɗe. Ta tsaya tana kallonsa. Ta koma ƙofa, ta dawo, ta koma. Magana tana tafiya daga kicin zuwa titi, daga titi zuwa kicin, iska kuwa tana kwararowa ta lungun nan kamar wuƙa. Ga tsoho yana tari a waje har yana dafa bango.

Na fito na tsaya a tsakiyarsu. Na ce, "Malam, gaya mata. Ƙofar nan a buɗe za ta kashe yaron da sanyi. Ko ka shigo a rufe, ko ka tafi a rufe. Gidanta ne, ita za ta zaɓa. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya dube ni kamar na soke shi. Amma ya faɗa, na ga ya faɗa, don maganar gajeriya ce kuma kansa a ƙasa. Ta riƙe ƙofar. Ta daɗe. Na ji ruwa ya fara motsi a tukunya. Sannan ta matsa gefe kaɗan, ba ta dube shi ba. Ya tsallako. Ta rufe.

A lungun ya tsaya, bai wuce nan ba, ita ma ba ta ce ya wuce ba. Da yake sha'anin mata za a yi, ya juya mana baya, fuskarsa ga bango, yana fassara daga nan.

Wanka dai bai yiwu ba. Da na tsoma ganye na ɗaga, tururi ya tashi, na nuna mata yadda ake yi a damtsena, sai ta yi ƙara ta ja baya har ta ture kujera. Ya ce, "Ta ce ke mahaukaciya ce." Na ce, "Ka ce haka surukata ma ta ce." Na ji wani abu ya kuɓuce mata kamar dariya. Na ga yaron nan nawa ya fi ni gaskiya a nan, jikin da bai saba ba ba a yi masa dole. Na surka ruwan. Na zaunar da ita, na sa ƙafafunta a baho. Na tsoma tawul na matse, na gasa mata baya da ƙugu da kafaɗu. Da farko jikin kamar itace. A hankali ya saki. Can na ji bayan yana girgiza a ƙarƙashin hannuna, ba sauti. Na ci gaba da gashi.

Na dama kunun kanwa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta tambaya. Na ce, "Ka ce gero ne da kanwa, yana kawo nono."

Kalmomin da na faɗa ke nan. Shi kuwa ya fara magana da fuskarsa a bango, ya yi ta yi, ya yi ta yi. Muryar ta sauka, ta karye, ta tashi. Ya tsaya ya yi tari, ya ci gaba. Na san gero da kanwa ba su kai haka tsawo ba ko da Turanci. Na juya na kama wankin tsummoki. Ita tana zaune da kofi a hannu biyu, ƙafa a ruwa, ba ta katse shi ba. Da ya yi shiru ta faɗi magana, mai zafi ce, na ji a muryar. Ya amsa da kalma guda. Ta sake faɗa, ya sake amsawa da kalmar nan. Har yau ban san abin da suka ce ba, ban kuma tambaya ba. Da na waiwayo ta shanye kunun.

Barci ya fara fizgarta a kan kujera. Na kwance yaron, na miƙa mata, na nuna mata sama, ta je ta kwanta. Ta karɓe shi ta miƙe. Matakalar tana cikin lungun, sai ta bi ta kusa da tsohon. Ya ƙara mannewa da bango don ta wuce. Ta taka ɗaya, ta tsaya. Ta sauko. Ta buɗe ƙofar falo da ƙafa, ta nuna masa kujerar kusa da murhu. Da ya zauna, ta ɗora masa yaron a cinya, ta gyara masa hannu a ƙarƙashin kan, kamar yadda ake yi wa wanda bai taɓa ɗauka ba. Ta faɗi wata magana, ta hau sama.

Na ce, "Me ta ce?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ta ce in ya farka in kira ta. Ta ce kada in yi masa tari a fuska."

Na hura musu wutar murhun, na koma kicin na ɗora tuwo, don mijin zai dawo da yunwa kuma sai an yi masa bayanin baƙin da ya tarar.

Na yi kwanaki a gidan, ina gashi ina dama kunu, har hannuwanta suka daina ja. Mijin mutumin kirki ne, mai yawan shiru, ya sama wa tsohon ɗaki a gidan wata gwauruwa a layinsu. Da yaron nan nawa ya zo ɗaukata, Bazazzagi bai biyo mu ba. Ya ce a haɗa masa 'yan kayansa a aiko. Ban ce 'yar ta yafe masa ba, ban ga wannan da idona ba. Ba ta kira shi Baba a gabana ba ko sau ɗaya. Amma kullum da hantsi yakan ƙwanƙwasa, ita kuma takan buɗe.

A can ya cika, da bazara ta shigo. 'Yarsa ce ta bugo waya gidanmu, ta ce a turo mutanen da suka san yadda ake yi wa irinsa sutura.